Bututun Mai da Rijiyar Gidanmu

Ba ni na zaɓi abin da zan yi bincike a kansa ba. A wajen ɗaurin aure aka zaɓa min, a ƙofar wani masallaci a Unguwar Sarki, ana cikin rabon goro da dabino. Yayana Lawal, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ma'aikaci ne a sakatariyar jiha, kuma shi a wurinsa babu aikin da ake samu sai an san wani. Ranar ya kutsa cikin jama'a yana jana, ya kamo hannun wani Alhaji, babba a wata hukuma da ke harkar man fetur. Ya ce ga ƙanensa nan Mukhtar, ya yi digiri biyu a kimiyyar sinadarai, yana koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kawo, albashin ba ya kai tsakiyar wata. Alhajin ya dube ni sama-sama, ƙafarsa ɗaya tana cikin mota.

"Ya je ya ƙaro karatu a kan bututun mai," in ji shi. "Tsatsa na cinye mana bututu. In ya dawo a tuna min."

A kan wannan maganar Yaya ya sayar da filinsa na Rigachikun, inda ya daɗe yana cewa zai yi gini in ya yi ritaya, aka tura ni Maleshiya neman digiri na uku.

Na sauka da jaka biyu, ɗaya tufafi, ɗaya kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da matata Hajara ta ƙulle min. Wanda ya nema min gurbin karatun wani ɗan ƙasarmu ne da ke zaune can, sana'arsa ke nan, a biya shi lada ya haɗa ka da jami'a. A waya bakinsa zuma. Ya ce wa Yaya zai tarye ni da kansa, ɗaki yana nan an share, kuma akwai wani farfesa gwanin bututun mai da ya ƙosa in iso. Na tsaya a inda ake tarbar baƙi har ƙafafuna suka yi tsami. Na kira lambarsa, wata mata ta yi ta min bayani da yaren da ban sani ba, sai daga baya na gane na'ura ce ke cewa wayar a kashe take. Har yau ban taɓa sa mutumin nan a idona ba.

A masallacin filin jirgi wani dattijo ɗan ƙasar ya gan ni da azahar, ya dawo la'asar ya same ni a inda ya bar ni, rungume da jakunkuna. Turancinsa kaɗan ne, nawa kuma ya yi masa sauri. Da hannu da ka muka fahimci juna. Ya raka ni har bakin motar da ke zuwa garin da jami'ar take, ya yi wa direba magana, ya danƙa min ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba. Ban tambayi sunansa ba, kuma abin yana damuna duk sanda na tuna shi.

A garin ma masallaci ne ya cece ni. Na hango wani mutum da hula zanna a sahun gaba, ana sallame salla na bi shi da gaisuwa kamar na ga ɗan ɗakinmu. Malam Umaru ke nan, Basakkwace, malamin kwaleji a gida. Ya daɗe a ƙasar yana fama da nasa digirin har ɗalibai 'yan Arewa suka mayar da shi uba. Ya saurari labarina ya girgiza kai.

"Wanga yaro kuma? Ai ba kai ɗai yac cuta ba. Taho mu tai gida ka ci tuwo, sauran magana sai gobe."

Tuwon na garin shinkafa ne, miyar kuma daga jakata ta fito. Aka shimfiɗa min katifa a falon gidan da suke haya su da yawa, can saman bene, inda in na leƙa ƙasa jiri ke ɗibata.

Washegari na sha labari na biyu. Gurbin karatun dai na gaske ne, alhamdu lillahi, sunana yana cikin na'urarsu. Amma farfesan bututun mai ya bar jami'ar tun kafin a fara zancen tafiyata, ɗakin gwajinsa a rufe yake. An haɗa ni da wata malama, Farfesa Rohana, gajeriyar mace mai tabarau, wadda duk aikinta a kan ruwan sha yake. A ofishin ɗalibai baƙi kuma aka buga min izinin zama na shekara ɗaya, aka karanta min sharaɗi. Kafin shekarar ta cika sai na tsayar da maudu'i, wato takamaiman abin da zan bincika, malamata ta sa hannu, na kare shi a gaban kwamiti. In babu wannan ba za a sabunta izinin ba, sai in tattara in koma. Na fito daga ofishin ina hango kaina ina shiga gidanmu na Badarawa da jaka biyu, in wuce ta gaban Yaya, ba digiri ba fili.

Farfesa ta karanta 'yar takardar da na rubuta a kan tsatsar bututu, ta ture ta gefe. Da Turanci muke magana, ita a hankali, ni ina haɗiye rabin kalmomina don ladabi. Ta ce wannan ba fanninta ba ne, kuma ko ta yarda babu kayan aikinsa. Sannan ta jawo wata kwalba mai baƙin gari ta ajiye a gabana. Gawayi ne na ɓawon shinkafa, in ji ta, an ƙona shi ta wata hanya ta musamman, yana tsotse dattin da ke cikin ruwa. Tana da kuɗin bincike a kai, har da alawus na wata-wata ga ɗalibi ɗaya. Wanda take nema shi ne mai gwada irin wannan da wani abin da manoma ke zubarwa, a kan ruwan wata ƙasa daban.

"Me kuke zubarwa a garinku bayan girbi?"

"Totuwar masara," na ce, bakina ya riga ni. Na tuna tsibinta a bakin hanyar Zariya, awaki na hawa kai.

"Ruwan me kuke sha?"

Na ce rijiya, in famfo ya ɗauke, kuma ɗaukewar ta fi zuwan yawa. Na tuna rijiyar tsakar gidanmu, wadda katanga ce kawai tsakaninta da ramin bayan gidan maƙwabta. Na tuna Ummi 'yar Yaya, mai sunan mahaifiyarmu, da kusan kowace damina sai an kwantar da ita asibiti an ce taifod. Wallahi raina ya biya da aikin nan tun a zaman. Amma na ce mata ni bututun mai aka aiko ni.

"Wa ya aiko ka?"

"Yayana."

"Shi zai yi shekaru a ɗakin gwaji ko kai?"

Na mayar da idona kan kwalbar.

"To bari in tambaye ka abin da nake tambayar kowane ɗalibi. Ranar da ka gama, wa zai ɗauke ka aiki?"

"An yi min alkawari."

"Mutum nawa suka yi maka?"

"Ɗaya."

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafinta. "Je ka yi tunani. Amma ba zan riƙe gurbin nan har abada ba."

Asubar Kaduna ita ce azaharmu. Yaya yana fitowa daga masallaci zai kira ni, ina jin takun takalminsa da gaisuwar mutanen layi. Na ɗauki kwanaki ina shirya yadda zan shigar masa da zancen.

"Yaya, akwai wata shawara da malamata ta kawo, a kan ruwan sha."

"Ruwa? Mukhtar, ruwa ai ko ni na san shi. Alhaji cewa ya yi bututu. Kada ka bari su mayar da kai yaron aikinsu. Ka tsaya a kan abin da ya kai ka."

"To, Yaya."

Abin da na iya ke nan. Mutumin da ya biya min kuɗin jarrabawa, ya je nema min aure, ya yanka ragon sunan ɗana Khalifa, ban taɓa buɗe baki na ce masa a'a ba, ban ma san ta inda ake farawa ba.

Watanni suka yi ta tafiya. Na rubuta wa malaman wasu sassan, wasu ba su amsa ba, ɗaya ya ce in zo da kuɗin bincikena. Na nemi ɗakin kaina, in mai gida ya ji muryata a waya ya ce in zo, in ya ga fuskata ya ce yanzun nan aka kama. A jirgin ƙasa kujerar da ke gefena takan zauna babu kowa, mutane na tsaye. Ruwan sama kullum da la'asar, gumi kuma ba dare ba rana. Akwai wata tsohuwa mai sayar da shinkafa a bakin ƙofar jami'a da ta lura kullum farar shinkafa da romo nake saye, ta koma jefa min dafaffen ƙwai a ƙasan shinkafar, in na zo biya ta kawar da kai. Kewar gida kuwa, akwai ranar da na ce wa Hajara kada ta yi magana, ta ɗora wayar a taga kawai. Na zauna ina sauraron Badarawa, injin niƙan maƙwabta, hon ɗin masu a daidaita sahu, Khalifa yana rigima a kan takalmi. Na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba.

Duk sanda muka haɗu da Farfesa a baranda sai ta ce, "Ka yanke?" In ce ina kan tunani. Tun tana murmushi har ta daina.

Saura kamar wata uku izinina ya ƙare Yaya ya kawo dabara.

"Wai ku a can babu manya ne? Babu wanda zai je ya sa baki? Ita malamar ai tana da na gaba da ita."

Na kai wa Malam Umaru maganar ina fatan ya hana. Ina! Sai ma ya gyara zama, fuskarsa ta washe.

"Yayanka ya san duniya. Wanga abu kamun ƙahwa yaka so. Mu tai mu ga shugaban sashe, ni ka magana, kai dai ka yi kurum. Kuma ba a zuwa wurin babba hannu rabbana."

Ranar ya ci ado da babbar riga mai aska, ya feshe ta da turare. Ya naɗe sabuwar hula da ƙunshin kilishin da wani sabon zuwa ya kawo masa. Muka ratsa harabar jami'a ɗalibai na ɗaukarsa hoto, ni ina biye da leda. A ofis ya yi doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, shugaban sashen yana duban agogo. Sannan ya gabatar da ni a matsayin yaronsu mai ladabi, maraya, wanda yayansa ya sayar da fili. Ya ce malamar da aka ba ni ta ƙi abin da na zo yi, shi ya sa muka zo wurin uba, a taimaka a yi mata magana ko a sauya min wani. Ni kuwa na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi.

Shugaban ya dubi ledar da aka tura gabansa, ya mayar mana da ita da bayan biro, bai ko taɓa ta da hannu ba. Ya dube ni.

"Kai ne ɗalibin? Ƙara kake kawowa a kan malamarka?"

Na dubi Malam Umaru.

"Kai nake tambaya."

Na ce ba ƙara ba ce, roƙo ne. Ya ce a wurinsu in ɗalibi ya tsallake malaminsa ya zo ofishin nan da shaida, sunan abin ƙara, kuma dole ya rubuta ya sanar da ita. Kyautar kuma zai yi kamar bai gani ba, don in ya gani, maganar ta wuce ofishinsa. Muka fito, babbar rigar tana jan ƙasa a matattakala. A bakin titi Malam Umaru ya tsaya.

"Mutanen ga ba su san girma ba," ya ce. Amma muryarsa ta yi sanyi, kuma bai iya haɗa ido da ni ba.

Kafin mako ya zagayo saƙo ya zo. Farfesa Rohana ta janye daga duba aikina. Sashe zai nema min wani malami in an samu. In ba a samu ba, na riga na san sauran.

Na daina cin abinci sosai. In na ga ɗan sanda a tasha sai in sauya hanya, ko da yake izinina bai ƙare ba tukuna. Na ɓoye wa Yaya, na ce ana kan magana. Hajara kaɗai na faɗa wa gaskiya. Ta ce, "Abban Khalifa, shi Alhajin nan da ake ta wahala dominsa, akwai wanda ya sake jin ta bakinsa?" Na ce Yaya yana tura masa gaisuwar Juma'a. Ta ce, "Yana amsawa?" Ban sani ba.

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta soya dubulan da cincin, ta bi ta hannun wata ƙawar yayarta da ke zuwa kitso gidan Alhaji, ta je gaida Hajiyarsa. Da ta dawo ta kira ni daga ɗaki, tana magana ƙasa-ƙasa don kada a ji a tsakar gida.

"Hajiya mutuniyar kirki ce, ta karɓe ni hannu bibbiyu. Amma ba ta san sunanka ba, ba ta san na Yaya ba. Na yi ta kwatance, ta ce masu zuwa da yawa. Abban Khalifa, Alhaji ritaya zai yi bayan babbar salla, har ya fara gyaran gidan gonarsa. Kuma ina zaune samari biyu suka shigo suka gaishe ta, 'ya'yanta ne, duk sun gama jami'a, ɗaya har a waje ya yi. Ta ce in taya su addu'a, shekara da shekaru suna neman aiki."

Na ce ta faɗa wa Yaya.

"Ni? In tsaya gaban Yaya Babba in ce masa me? Wannan maganar taka ce."

Gaskiyarta. Washegari da azahar wayar ta yi ƙara, na fita baranda. Bayan gaisuwa na faɗa masa komai a jere, ban tsaya ba don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba. Zuwa wurin shugaban sashe, janyewar malama, ritayar Alhaji, 'ya'yansa biyu.

"Wa ya aiki Hajara gidan mutane?"

"Ba wanda ya aike ta, Yaya. Amma abin da ta gani gaskiya ne."

"Ko ya yi ritaya ai yana da mutane. Babba babba ne."

"Yaya, mutanensa ba su ɗauki 'ya'yansa ba."

Na ji takunsa ya tsaya.

"To me kake nufi?"

"Zan koma in roƙi malamar. In ta yarda, aikin ruwa zan yi."

"Mukhtar, filina na sayar. Filin da zan tsufa a ciki. Na sayar don ka je ka zama mai duba rijiya?"

"Ka yi haƙuri, Yaya. Bututun nan ba zan yi shi ba."

Can na ji wani yana ce masa ina kwana, bai amsa ba. Wayar ta katse. Washegari azahar ta yi ta wuce, ba kira. Haka ranar da ta biyo baya.

Na je ofishin Farfesa ni kaɗai, ba riga ba leda. Na ƙwanƙwasa, ta ɗago ta gan ni, ba ta ce in zauna ba. Gwiwoyina suna son durƙusawa, na hana su, don na fara gane cewa ladabinmu ba ya karantuwa a nan. Na ba ta haƙuri a tsaye.

"Ƙofata a buɗe take kullum," in ji ta. "Me ya sa ka ɗauko mutum da babbar riga kuka wuce ta?"

Na ce a garinmu ƙarami ba ya tunkarar babba da buƙata shi kaɗai, raini ne. Sai ya nemo wanda ya isa ya yi masa magana. Na ce ban je don in ɓata mata suna ba, na je ne don ina jin nauyinta.

"A ƙauyenmu ma ana haka," ta ce, "amma wajen neman aure." Ba ta yi dariya ba, ni ma ban yi ba. "Alawus ɗin na ba wani ɗalibi, ya riga ya fara aiki. Ba zan ƙwace ba."

Na ce na sani, na gode.

"Yayanka ya yarda?"

"Ya daina yi min magana."

Ta jawo kujera da ƙafa ta turo min. Ta ce za ta sake karɓata bisa sharaɗi biyu. In rubuta tsarin binciken kafin kwamiti ya yi zamansa na ƙarshe a zangon. Kuma in amsa mata tambayar da ta yi min tun ranar farko, wa zai ɗauke ni aiki, amma kada in kawo mata sunan mutum. Ta ce in nemo su waye a ƙasata ke asara in ruwa ya ɓaci, don su ne za su biya wanda ya san gyaransa.

Abin kunya, digirina biyu amma ban taɓa yin wannan tambayar ba. Na shiga kiran tsofaffin abokan karatu. Wani yana aiki da masu fiyawata a bayan Kawo, ya ce samfurinsu har wani gari suke aikawa a gwada, su jira. Wani yana tare da masu haƙar burtsatse, ya ce sukan haƙa su tarar da ruwa mai ƙarfe-ƙarfe, mai gida ya ƙi biya. Wata tana wata ƙungiyar agaji, ta ce in sun tashi neman gwanin ruwa daga waje ake kawo musu. Ga masana'antun abinci, ga hukumomin ruwa na jihohi, ga jami'o'i da kwalejoji. Babu wanda ya yi min alkawari, ko mutum ɗaya. Amma a karon farko na ga wurare da yawa da zan iya zuwa da ƙafata in nuna abin da na iya.

Na rubuta tsarin a gurguje, Farfesa ta yi ta mayar min da shi da jan biro. Don in ci abinci ta nema min aikin wanke kwalabe a ɗakin gwaji. Malam Umaru, Allah ya saka masa, ya hana a karɓi kuɗin haya a hannuna, ya ce shi ya ja min. Ranar kwamiti wani malami ya matsa min da tambaya, me ya sa totuwa, me ya sa rijiya. Na dubi Farfesa, ta kawar da kai, ta bar ni da su. Na amsa da abin da na sani, na ba su labarin katangar da ke tsakanin rijiyarmu da ramin maƙwabta. Suka fitar da ni, na tsaya a baranda ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Da aka kira ni aka ce an amince, da gyare-gyare. Izinina ya fito ana saura ƙiris.

Na tura wa Yaya saƙo. Ya karanta, bai amsa ba. Azumi ya zo ya wuce, na kira barka da salla, ya miƙa wa matarsa wayar.

A shekara ta biyu aikin ya buƙaci in dawo gida in ɗebi ruwan rijiyoyi. Na tsara zan fara da Unguwar Shanu, in bi ta Kawo, in ƙare a Rigachikun inda zan sayi totuwa. Gidanmu ban sa shi a tsarin ba, ban ga fuskar ba. Na iso Badarawa da akwatin kwalabe, Khalifa ya ɓuya a bayan uwarsa yana leƙena. Na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Yaya. Ya rame, furfura ta cika gemunsa. Ya amsa gaisuwar a taƙaice, ya ce an zo lafiya, ya ci gaba da sauraron rediyo. Hajara ta faɗa min Ummi ta sake kwanciya asibiti da damina, wannan karon har sai da aka ƙara mata ruwa kwana da kwanaki.

Da safe na fito da akwatina zan tafi Unguwar Shanu. Sai na ji ƙarar guga. Yaya ne a bakin rijiya, sanye da kaftanin ofis, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, yana jan igiya. Rabon da in ga ya ja ruwa da kansa tun ina firamare. Matan gida duk sun shige ɗaki. Na ajiye akwatin na nufe shi in karɓa, ya ture hannuna.

"Kawo kwalbar taka."

Na buɗe akwatin, na miƙa masa ɗaya. Ya cika ta a hankali, ya ɗaga ta sama yana duba ruwan a hasken rana. Fes yake, kamar kullum.

"Ido ba ya gani ko?"

"Ba ya gani, Yaya."

Ya rufe ta ya danƙa min, bai saki ba nan da nan.

"Da tamu za ka fara. Ka faɗa min abin da ke cin yarinyar nan."

Na ce to. Ya sauke hannun rigarsa yana ɓalla maɓalli, ya ɗauki hularsa daga kan murfin rijiya, ya nufi zaure. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"In ka gama, akwai wani mutum da na sani a ma'aikatar ruwa. Zan kai ka ka gaishe shi."

Dariya da hawaye suka zo min tare, na danne su duka biyun.

"To, Yaya," na ce. Na zauna a bakin rijiyar na rubuta lamba ɗaya a jikin kwalbar.